Shirin shiga gasar ƙawata ɗaki ta talabijin: gwajin kwana biyu a ɗakin Katsina

Gasar ƙawata ɗaki da ake nunawa a talabijin kusan salonta ɗaya ne ko'ina. A tara mutane kamar goma masu son mayar da gyaran ɗaki sana'a, a ba kowa wuri da ƙayyadadden kuɗi da masu aikin hannu, a ce ya gama cikin kwana biyu ko uku, sannan alƙalai su zagaya su sallami wanda aikinsa ya gaza. Haka ake yi a Interior Design Masters, shirin da BBC ta fara a 2019, inda Michelle Ogundehin, tsohuwar editar mujallar Elle Decoration ta Birtaniya, take alƙalanci, ladan wanda ya ci kuma kwangilar aiki ce ta gaske. A Amurka tashar HGTV ta taɓa yin nata, Design Star, da ta fara a 2006, wanda ya yi nasara aka riƙa ba shi shiri nasa na kansa.

Mai kallo launi yake gani da labule. Amma abin da ya fi kayar da 'yan gasa shi ne awon da bai yi daidai ba, da fentin da bai bushe ba aka jingina masa gado, da rashin sauraron mai ɗaki. Duk waɗannan ana koyonsu a gida. Don haka wanda ke Katsina ko Daura yana da burin shiga irin wannan gasa, ko yana son ya fara karɓar aikin jeren amare da gyaran shaguna, ya nemi ɗaki ɗaya a gidansu ko na 'yan uwa, ya yanka wa kansa kuɗi da kwana biyu, ya gwada kansa kamar ana ɗaukarsa a kyamara. Za mu ɗauki ɗakin da aka fi ginawa a nan, ƙafa 12 sau 12, wato mita 3.6 kowane gefe, tsayinsa mita 3.

Tambayoyi kafin a taɓa komai

A zauna da mai ɗakin tukuna. “Hajiya, mutum nawa ke kwana a nan? A ina kike salla? Baƙi a nan suke zama ko a falo? A ƙasa ake cin abinci ko a kan kujera? Wane kaya ne ba ki yarda a fitar ba?” A rubuta amsoshin a takarda, domin su ne ma'aunin da alƙali zai auna aikin da shi. Ɗakin da ya yi kyau a hoto amma babu inda za a shimfiɗa darduma a fuskanci alƙibla, ko kuma wanda ya ɗaga labulen ƙofa sai idonsa ya faɗa kan gado, bai yi wa Bakatsiniya amfani ba. Wurin salla yana son fili kamar santimita 70 sau 120, ba a bakin ƙofa ba inda masu shiga za su riƙa giftawa. A tambaya kuma ko gidan suna rataya hoton mutum ko na dabba a bango, don gidaje da yawa ba sa yi.

Awo

A auna bango huɗun ɗaya bayan ɗaya, kada a auna biyu a ce sauran haka suke. Ɗakunan da aka gina da bulo ma sukan bambanta da santimita 3 zuwa 5 tsakanin wannan kusurwa da waccan, na ƙasa kuwa sun fi haka. A auna faɗin ƙofa da tsayinta, faɗin taga da nisanta daga ƙasa, a sa alamar kowace soket da makunnin wuta da inda fanka take. A zana duka a takarda mai gida-gida, kowace mita ɗaya ta zama santimita 5. Sai a yanka ƙananan takardu daidai girman gado da sif da kujera bisa wannan ma'aunin, a riƙa jujjuya su a kan zanen har su zauna.

A nan ne ake gane cewa gado mai ƙafa 6 sau 6, wanda kowace amarya ke so, yana cinye ɗakin. Da katakonsa faɗinsa ya kai mita 1.9. An cire daga 3.6 saura 1.7. Sif zurfinsa santimita 60, saura mita 1.1. Idan aka raba ta gefe biyu na gadon, kowane gefe ya sami santimita 55, ƙofar sif ma da ƙyar za ta buɗu. Hanyar wucewa tana son aƙalla 60, an fi son 75. Mafita biyu ce: ko a matsar da gadon ya kusa jingina da bango ɗaya, ko a koma gado mai ƙafa huɗu da rabi, wanda katifarsa santimita 137 ce. Mai ɗaki za ta iya ƙi. In ta ƙi, a nuna mata zanen da 'yan takardun ta gani da idonta, ya fi dogon bayani.

Akwai awon da ake yawan mantawa: hanyar da kaya za su bi su shigo. A cikin birni, lungunan unguwannin da ke kewaye da Gobarau da Ƙofar Soro da yawa mota ba ta shigarsu, sai kura ko a kai. Bayan lungu ga soro, wanda sau da yawa ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje, sai an karya kwana. Sif ɗin da kafinta ya haɗa gaba ɗaya a shago zai iya maƙalewa a nan. A ce masa ya yi shi gida biyu ko uku, a haɗa a cikin ɗaki da kusoshi masu murɗi.

Bango da fenti

Nan ne lokaci ke tafiya, nan kuma aka fi yin asara. Lissafin ɗakinmu: bango huɗu, 3.6 sau 3 sau 4, ya ba da murabba'in mita 43 da ɗoriya. A cire ƙofa da taga, saura kamar 40. Lita ɗaya ta fenti mai ruwa mai kyau takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 12 a shafi ɗaya a kan bango mai santsi. Shafi biyu ke nan lita 8 ko kusa da haka, galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Silin murabba'in mita 13 ne, a ware masa lita 3. Bangon da yaɓensa ke da kaushi ya fi shan fenti, a ƙara masa galan ɗaya.

Kafin a buɗe galan, a duba bangon da hannu. A goga tafi: idan farin gari ya biyo hannu, tsohon fentin ya mutu, sai an kankare an share, in ba haka ba sabon zai ɓamɓare tare da shi. A ƙwanƙwasa: inda ya yi ƙarar kwanko, yaɓen ya rabu da bulo. A duba ƙasan bango, kamar ƙafa biyu daga daɓe. In akwai farin gishiri da kumburi, danshi ne ke tasowa daga ƙasa ko daga bayan ɗaki inda ake wanki ko makwararar banɗaki. Fenti ba ya maganin wannan, cikin damina ɗaya zai sake fitowa. A gasa, abin yi shi ne a kankare gishirin da busasshen burushin ƙarfe, kada a wanke da ruwa, sannan a gaya wa mai ɗaki da alƙali gaskiya cewa gyaran na waje ne. Sabon yaɓen siminti kuwa yana son kamar mako huɗu kafin fenti, saboda haka ba aikin kwana biyu ba ne. Haka silin POP da shimfiɗa tayil: kada a sa su cikin shirin sam. In daɓen ya lalace, ledar ɗaki ko kafet su ne mafita.

Idan tsohon fentin mai mai ne, mai ƙyalli, fenti mai ruwa ba zai kama shi ba sai an goge da samfefa har ƙyallin ya mutu. Shi kansa fenti mai mai yana ɗaukar awa 16 zuwa 24 kafin a sake shafawa, ga wari. In dole sai an yi wa ƙofar ƙarfe ko taga, a yi da safiyar ranar farko, shafi ɗaya. Mai ruwa kuwa awa 2 zuwa 4 ya isa tsakanin shafi da shafi.

A tsaya a kan mai fenti lokacin sirki. Yawan ruwa yana sa galan ya yi auki a ido, amma fentin ba ya rufe bango, a ƙarshe a yi shafi huɗu maimakon biyu, ranar ta tafi. A bi abin da aka rubuta a jikin galan. In launin haɗawa aka yi, a juye duka galan ɗin a bokiti ɗaya a gauraya kafin a fara, domin galan biyu masu suna ɗaya sukan ɗan saɓa, bambancin kuma a tsakiyar bango yake fitowa. Tun kwanaki kafin aikin a shafa gwaji kamar rabin mita a bangon da ke kallon taga da wanda ke gefenta, a duba shi da hantsi, da la'asar, da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Hasken ranar Katsina mai ƙarfi ne, launin da ya yi sanyi a shago yakan yi tsawa a ɗaki.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke kai maki 40, fenti yana bushewa a jikin rola, sai bango ya fito da layi-layi inda shafi ya hau kan wanda ya riga ya bushe. A fara bayan sallar asuba, a gama bango ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ba tsayawa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a yayyafa ruwa a tsakar gida, a rataya jiƙaƙƙen zane a taga, a hana shara har fenti ya sha iska. Da damina a ninka lokacin jira.

In ana son takardar bango a gefe ɗaya, naɗin da aka saba gani faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10. A bango mai tsayin mita 3, naɗi ɗaya falle uku yake bayarwa, bangon mita 3.6 kuma falle bakwai yake ci. Naɗi uku ke nan, in zanen manya ne da sai an daidaita su a sayi huɗu. Fallen farko a ja masa layi da igiya mai nauyi a ƙasa, kada a bi kusurwar ɗaki, ba ta cika miƙewa ba.

Idan ɗakin na ƙasa ne

Wannan ya cancanci a tsaya a kai, don a nan ɗan Katsina ko Daura yake da abin da ɗan gasar wata ƙasa ba shi da shi. Ginin tubali da azara da daurin guga, irin wanda ake gani a Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, da fadar Sarkin Daura da tsohuwar Kwalejin Katsina ta 1922, yana riƙe sanyi da rana saboda kaurin bangonsa, kuma bangon yana fitar da danshinsa ta jikinsa. Duk abin da ya toshe shi, ya cuce shi. Fenti mai mai da takardar bango suna kulle danshin a ciki, ƙasar ta yi laushi, su zubo. Yaɓen siminti kai tsaye a kan ƙasa yakan rabu da ita ya faɗo falle-falle, domin ba tare suke motsi da zafi da sanyi ba. A yi amfani da farar ƙasa, shafi biyu ko uku marasa kauri. Tsaga a cike ta da irin ƙasar ginin da aka kwaɓa da ciyawa. Daɓe da yaɓen makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, aikin magina ne, a nemo tsohon magini tun da wuri a ba shi girmansa da lokacinsa. Kuma bangon ƙasa ba ya riƙe kanta mai nauyi: a yi mata ƙafafu ta tsaya da kanta. A duba azara da gindin ƙofa ko akwai hanyar gara kafin a shigo da sabon katako.

Launi da kayan ado

Ka'ida mai sauƙi: launi ɗaya ya ɗauki kashi 60 cikin 100 na abin da ido ke gani, wato bango da daɓe, na biyu ya ɗauki 30, labule da shimfiɗar gado, na uku 10 kacal, matasai da 'yan kayan ado. Inda 'yan jere suka fi tafka kuskure shi ne son a ga komai lokaci ɗaya, kowane bango da nasa ado. Ɗaki kamar miya yake, in kowane kayan ƙamshi ya yi yawa ba a jin ɗanɗanon ko ɗaya. A zaɓi bango ɗaya, galibi wanda ake fara gani daga ƙofa, a zuba ƙoƙari a kansa, sauran a bar su su huta.

Kayanmu na gida suna da ƙarfi a gaban alƙalai idan an yi musu tsari. Faifai bakwai ko tara masu girma daban-daban, a fara jera su a ƙasa har fasalin ya yi, a ɗauki hoto, sannan a mayar bango, tsakaninsu santimita 5 zuwa 8. Luru ko gwado a gicciye a ƙafar gado. Tumtum na fata guda biyu maimakon kujerar da babu wurinta. Ƙwarya mai zane, tabarmar kaba, rinin baba. Dagin Arewa kuwa an yi ta maimaita shi har ya zama kowa shi yake kawowa. In za a sa shi, sau ɗaya ya isa, ko a je a kalli zanen bangon tsofaffin gidaje a ɗauko wani fasalin. Tsakiyar duk abin da aka rataya ta kasance kamar santimita 150 daga ƙasa, amma a ɗakin da ake zama a kan kafet a sauko da shi, haka ma talabijin.

Labule: taga mai faɗin mita 1.2, sandarta ta wuce da santimita 20 kowane gefe, ta zama 1.6, domin in an yaye labulen iska ta shigo ta dukan tagar. Yadin ya kusa ninka tsawon sandar, in ba haka ba zai tsaya a miƙe ba tattara. Idan sandar tana mita 2.4 daga ƙasa, kowane falle yana son mita 2.7 har da kalmasa. Falle biyu na yadi mai faɗin inci 60, yadi shida ke nan. Bakinsa ya tsaya santimita 1 ko 2 sama da daɓe don kada ya share ƙura. Karan-miski yana da kyau a hoto, amma a garin da ake hunturu wata uku ma'ajiyar ƙura ne. Auduga mai kauri da za a iya cirewa a wanke ta fi, musamman a tagar yamma. A kai wa tela awon tun kafin ranar farko.

Wuta: ɗakin kwana mai murabba'in mita 13 yana son ƙwai LED mai wat 9 kamar guda biyu ko uku, a rarrabe, ba ɗaya a tsakiya ba. A duba lambar launin haske a jikin kwalin: 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi da ke fito da ja da ruwan ƙasa, 6500K fari ne tas mai sa ɗaki ya yi sanyin asibiti. Kada a haɗa iri biyun a ɗaki ɗaya. Kada kuma a sa ƙwai a saman fukafukan fanka, hasken zai riƙa ƙyaftawa, kyamara kuma ta fi ido kama wannan.

Yadda za a raba kwana biyun

Ranar farko ta ƙazanta ce: fitar da kaya, kankara, cike ramuka, duk wani huji da aikin waya, sannan silin, sannan bango shafi na farko kafin azahar, na biyu bayan la'asar. Huji ya riga fenti, don garin bulo yana manne wa ɗanyen shafi. Kada a huda daidai saman soket ko makunni ko ƙasansu, nan waya ke bi. Saman taga kankare ne, sai injin huji mai bugu. Bulo kuwa cikinsa rami ne, bakin injin ya zama daidai da robar kusa, mai milimita 8 da mai 8, in ramin ya yi faɗi sandar labule za ta zazzago da an ja ta sau biyu. A yi cajin batiran inji tun dare, a tanadi janareta, a lissafa lokutan salla da cin abinci cikin jadawalin. In ranar ta faɗo Juma'a, a ɗauka rabin yini ne.

Kafinta ya yi aikinsa a tsakar gida a lokaci guda. A ba shi zane mai awo a rubuce, a tsaya a karanta tare: “Malam, tsayin nan 180 ne har da ƙafa, ko ban da ƙafa?” Irin wannan tambayar ita ke hana gardama da yamma. Katakon MDF, wato wanda aka matse daga garin katako, yana kumbura in ya sha ruwa, saboda haka a ɗaga shi daga daɓen da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, a yi masa ƙafa ta katako mai ƙwari ko ta ƙarfe. Ɗanyen katako kuma da hunturu ya shigo zai tsage ya karkace.

Rana ta biyu: daɓe da safe, manyan kaya, labule, fitilu, kayan ado a ƙarshe. A ƙudurta gamawa awa biyu kafin lokaci, a kuma ɓoye kashi 10 zuwa 15 na kuɗin tun farko, don galan ɗin ƙari da kusa da kuɗin kura ba sa rasa tasowa. Awannin nan biyu na bin diddigi ne. Alƙalai suna buɗe durowa, su zauna a kujera, su leƙa bayan ƙofa. A goge ɗigon fenti a makunni, a ɓoye waya, a gyara bakin layin da ke tsakanin bango da silin da ƙaramin burushi, a goge labule.

Kyamara da takardar neman shiga

Abin da ido ya yafe, kyamara ba ta yafewa. Fenti mai ƙyalli yana mayar da hasken fitilun ɗaukar hoto ya tona duk wani tudu a bango, farin da ya yi fari ƙal yana wanke hoton, yadi mai siraran layuka kuma yana rawa a allo. A riƙa duba ɗakin ta wayar hannu ana cikin aiki.

Masu shirya gasa hotunan aiki suke fara nema da ɗan bidiyon gabatar da kai. A ɗauki hoton kafin aiki da na bayansa daga wuri ɗaya, wayar a kwance, a tsayin ƙirji, a miƙe ba a karkace ba don kada bangon ya zama kamar zai faɗi. A yi da hantsi, a kashe ƙwan ɗaki. A nemi izinin masu gida kafin a yaɗa hoton ɗakin matar aure, a kawar da hotunan iyali da duk abin da zai nuna gidan wane ne. Ɗaki uku da aka gama da kyau, kowanne da zanensa da lissafin kuɗinsa, sun fi hotuna talatin na aikin da ba a san farkonsa ba. A koyi bayyana kowane ɗaki cikin jimla uku: wa ke zaune a ciki, me ke damunsa da ɗakin, me aka yi a kai.

Sanarwar gasa a tabbatar da ita a shafin tashar kanta kafin a tura wa kowa kuɗin fom. In an kai ga sa hannu a yarjejeniya, a karanta wa zai biya kuɗin mota da masauki, mako nawa za a bar gida, wa ke da mallakar zanen da aka yi a cikin shirin, kuma ko an hana mutum karɓar aiki ko nuna hotunansa kafin a watsa shirin.